Kulawa ko tarko: muhawarar koya wa yara masu tasowa bambance alaƙa mai kyau da mai cutarwa

A watan Nuwamban 2022, a taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa karo na 66 da aka yi a Abuja, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta cire abin da ake kira ilimin jima'i daga darussan firamare da ƙaramar sakandare. Dalilinsa shi ne wannan fage na iyaye ne da malaman addini. Iyaye da yawa sun yi na'am, ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da yara kuma suka yi ca, kowane ɓangare yana cewa yaran yake karewa. Ƙura ta lafa, amma ta bar mutane cikin ruɗani. A cikin ƙunshin darussan da ake jayayya a kai akwai wani sashe da kusan ba wanda ya tsaya a kansa, wato sashen da ke koya wa yaro ko yarinya gane mai nufinsu da alheri, da gane wanda ke ɗana musu tarko da fuskar kulawa.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce ilimin jima'i a Najeriya, yawanci abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai bayanin balaga: jinin al'ada, mafarki, sauyin murya da jiki. Akwai bayanin saduwa da cututtukanta da hanyoyin hana ɗaukar ciki, wanda shi ne ainihin abin da ke tayar da jijiyar wuya. Sannan akwai ilimin mu'amala, wanda shi ne batunmu a nan.

Kalmar alaƙa a wannan fage ta wuce soyayyar saurayi da budurwa. Ta haɗa da ƙawa da aboki, da ɗan ajin gaba a makarantar kwana, da malami, da mai shagon bakin layi, da ɗan uwan da ke zaune a gidan, da wanda aka haɗu da shi a waya ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Alaƙa mai kyau ita ce wadda yaro zai iya cewa a'a a cikinta ba tare da gabansa ya faɗi ba, wadda ba ta bukatar a ɓoye ta, kuma ba ta raba shi da karatunsa ko 'yan uwansa. Mai cutarwa kuwa ba lallai a ga duka a cikinta ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya, wadda aka fi sani da VAPP, da aka sanya wa hannu a 2015, ta lissafa cin zarafi da baki, da razanarwa, da bibiyar mutum, da raba shi da danginsa da abokansa ala tilas a cikin laifuffuka. Wato doka da kanta ta yarda cewa ana iya cutar da mutum ba a bar masa tabo a jiki ba.

Akwai kuma hilata. Ita ce yadda babba ke jawo yaro sannu a hankali, da kyauta da yabo da sauraro, har yaron ya saki jiki, kafin ya bayyana abin da yake nema.

Me ya sa 'yan shekara 10 zuwa 14

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran 'yan shekara 10 zuwa 19 masu tasowa, kuma ana ɗaukar 10 zuwa 14 a matsayin zangon farko. A wannan zangon ne balaga ke farawa, maganar aboki ke soma rinjayar maganar uwa, ake shiga ƙaramar sakandare, ake aiken yaro nesa shi kaɗai, wasu kuma suke fara taɓa waya ba mai duba su.

Alƙaluma sun nuna cewa jira har a kai shekara 17 ko 18 makara ce. Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014, da tallafin UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawan masu yin hakan mutane ne da yaran suka sani. A 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan matan da suka taɓa shiga soyayya ko aure suna shan duka ko tilasci daga abokin zaman kafin su cika shekara 20. Adadinsu a duniya ya kusa miliyan 19.

Gargaɗin da aka saba yi wa yara shi ne su guji baƙo. Waɗannan alƙaluma suna cewa haɗarin ya fi zuwa daga wanda ake gaisawa da shi kullum.

Yadda tarkon ke kama da alheri

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 13 da ke tallar awara bayan an tashi daga makaranta. Magariba ta gabato, saura rabin bokiti, kuma ta san faɗan da ke jiranta a gida idan ta koma da kwantai. Wani mai shago ya kira ta ya juye duka, ya ce ta riƙe canjin. Washegari ma haka. Bayan mako biyu ya fara tambayarta makaranta, yana sauraron ƙorafinta a kan kishiyar uwarta, abin da ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji. Ranar da ya miƙa mata ƙaramar waya sai ya ce, "Kada ki nuna wa Umma, wannan tsakanina da ke ne." Daga nan tambayoyi suka sauya. Wa ya gan ta tana dariya da shi jiya? Me ya sa har yanzu take yawo da wance, yarinyar da ba ta da tarbiyya? Ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta ce ai kishi ne, kuma sai ana so ake kishi.

Har zuwa wannan matakin bai taɓa ko yatsanta ba. Amma ya riga ya ɗora mata sirri, ya ɗora mata bashin kyauta, ya fara raba ta da ƙawayenta, kuma ya mayar da ita mai ba shi bahasin inda ta je. Ranar da zai ce ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta, tana ɗauke da tsoro biyu, nasa da na gida, domin idan ta faɗa, tambayar farko da za a yi mata ita ce ina ta samu waya. Masu koyar da wannan darasi suna so yarinya ta gane abin tun daga kalmar "tsakanina da ke", lokacin da ficewa ke da sauƙi.

Na yara maza yakan zo da wata siga. Yaro ɗan shekara 12 ya samu wani babba a majalisar unguwa da ke kiransa ƙanena, yana saya masa kati, yana tare masa faɗa. Sai aike ya fara: kai wannan ƙullin, karɓo wancan. Daga baya a ce ya ɗanɗana, namiji ba ya tsoro. Ta irin wannan ƙofa yara da yawa ke shiga ƙwaya da daba a Kano, ko sara-suka a Bauchi, ko kalare a Gombe. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kowa ya san wannan, sai dai yaron ba kanwa yake gani ba, gata yake gani. Idan kuma lalata aka yi da shi, bakinsa ya fi na yarinya nauyi, domin an raine shi a kan cewa namiji ba ya kuka kuma ba ya kai ƙara.

Waya ta ƙara wani salo. Ana fara hira da yabo, a nemi hoto na mutunci, sannan a nemi wanda ya wuce haka, daga nan sai barazana: ko kuɗi, ko ƙarin hoto, ko a tura wa 'yan gida da 'yan aji. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a ta tatsar kuɗi da hotunan tsiraici. Yawancin waɗanda suka hara mutanen Amurka ne, amma dabarar ɗaya ce da wadda ake yi wa ɗaliba a cikin gari. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta hilatar yaro ta wannan hanya, sai dai yaron da ake wa barazana ba ya tunanin doka, tunaninsa kada Baba ya gani.

A nan ne batun ya fi tsauri ga gidan Bahaushe. Kyawawan ɗabi'un da ake raino a kansu, wato kunya, da girmama na gaba, da haƙuri, da rufin asiri, su ne mai cutarwa ke riƙewa ya juya yaro da su. An ce kada a yi wa babba musu, shi kuma babba ne. An ce a rufa asiri, shi kuma asiri ya ba ta ajiya. Darasin da ya san inda yake ba zai rushe waɗannan ɗabi'u ba. Iyaka zai sanya musu, ya ce biyayya ba ta shafi jikinka ba, kuma duk sirrin da ke hana ka barci ba amana ba ce.

Inda takaddamar ta samo asali

A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da ilimin jima'i makarantu, a lokacin da cutar ƙanjamau ke bazuwa. Gwajin mata masu juna biyu na 2001 ya nuna kashi 5.8 cikin 100 na ɗauke da ita, adadi mafi girma da aka taɓa samu. Manhajar farko ta gamu da turjiya daga malaman Musulunci da na Kirista da wasu jihohi, sai aka tace ta, aka sauya mata suna zuwa ilimin zaman iyali da ƙanjamau, FLHE a taƙaice, a 2003, aka kuma ba jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. Jigoginta sun haɗa da yadda ɗan Adam ke girma, dabarun rayuwa, ƙanjamau, alaƙa tsakanin mutane, da al'umma da al'ada. Ba darasi ne mai zaman kansa ba, an barbaza shi ne a cikin wasu darussa kamar kimiyya da nazarin zamantakewa. Saboda haka abin da ɗalibi zai ji ya dogara da malamin da ya samu, da ko an horar da shi, da ko zai tsallake shafin.

Masu adawa suna da hujjoji da bai kamata a raina ba. Suna cewa yin maganar da wuri tsokano abin da ke barci ne. Suna cewa yawancin waɗannan tsare-tsare da kuɗin waje ake yinsu, kuma suna zuwa da fahimtar jinsi da aure da ta saɓa wa addini. Kalmar soyayya kanta, idan aka jingina ta ga 'yar shekara 12, a wurinsu halatta abin da ba a yarda da shi ba ne. Suna kuma tambaya: wane malami? A makarantar da namiji ke koyar da aji mai ɗalibai mata fiye da 70, wa ya tantance shi kafin a ba shi wannan magana? Irin wannan damuwa ce ta sa gwamnatin Kano ta haramta wasu littattafan karatu na ƙananan yara a 2023, bisa zargin suna ɗauke da kalaman da ba su dace ba.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa yaran sun riga sun ji, daga waya da abokai, sai dai sun ji gurguwar magana. Suna kafa hujja da nazarin da UNESCO ta dogara da shi a jagoranta na 2018, wanda ya nuna cewa irin waɗannan darussa ba sa sa yara su fara saduwa da wuri. Suna kuma cewa miƙa aikin ga iyaye ya yi daidai a takarda, amma a gidan da uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, wa zai buɗe zancen?

Akwai matsaya ta uku da ba a cika jin ta a rediyo ba, ta malaman da ke cewa ai ba baƙon abu ba ne. Ɗalibin Islamiyya ko makarantar zaure yana karanta hukuncin haila da janaba da wanka a littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Risala tun bai balaga ba. Suratun Nur ta koyar da neman izinin shiga ɗaki a lokuta uku. Hadisi ya yi umarnin raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, wani kuma ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, abokin banza da mai zuga wutar maƙera. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. A ganin waɗannan malamai, abin da ya rage shi ne a sauko da karatun daga hadda zuwa rayuwar yaron, a ambaci mai shago da waya da majalisa da sunansu.

Idan aka auna matsayun uku, saɓanin gaske yana kan bayanin saduwa da hana ɗaukar ciki da batun jinsi. Ba a samu wani ɓangare da ke cewa kada a koya wa yarinya gane mai hilata ba. Amma da yake an ɗaure su a ƙulli ɗaya, duk lokacin da aka yi watsi da ƙullin, har da wannan ake zubarwa.

Dā can akwai masu wannan aiki ba tare da manhaja ba. Kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya ba. Gwaggo da inna. Zance a ƙofar gida ko a zaure, ƙani na kai-komo, kowa ya san wanda ya zo da ɗan gidan wane ne. Yau iyalai da yawa a birni suna gidan haya, kaka tana ƙauye, zance kuma ya koma cikin waya bayan an kashe fitila.

Abin da aka gwada a wasu wurare

Ingila ta raba ƙullin. Daga Satumban 2020 darasin alaƙa ya zama dole a firamare da sakandare, kuma iyaye ba su da ikon cire ɗansu daga ciki, amma suna iya neman a cire shi daga darasin jima'i. Amma tun kafin tsarin ya fara aiki an yi rikici. A 2019 iyaye, yawancinsu Musulmi, sun yi ta zanga-zanga a ƙofar wasu firamare a Birmingham saboda darussan da suka shafi iyalan masu auren jinsi. Ko a can, raba sunan bai wadatar ba sai iyaye sun ga abin da ke cikin littafin.

A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta tsara wani shiri mai suna Dating Matters domin 'yan shekara 11 zuwa 14, ta gwada shi a makarantu 46 a birane 4. Shirin ya haɗa ɗalibai da iyaye da malamai da matasan unguwa. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna raguwar kusan kashi 8 cikin 100 a masu aikata cin zarafi, da kusan kashi 10 a waɗanda ake yi wa, idan aka kwatanta da makarantun da suka tsaya a darasin aji kawai. Ragi ne na gaske, amma matsakaici, kuma sai da shirin ya wuce darasin aji kaɗai aka same shi.

Mafi kusa da mu shi ne tsarin da ake kira amintaccen wuri. Cibiyar ilimin 'ya'ya mata da ke Zariya ta daɗe tana tara 'yan mata ƙungiya-ƙungiya a ƙauyuka, a ƙarƙashin jagorancin mace, bayan an nemi yardar iyaye da masu unguwa da limamai, ana haɗa karatu da lissafi da dabarun rayuwa. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata masu tasowa, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, wanda ya fara da jihohi 7 ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, ya ɗauki irin wannan salo a sakandare. A Nijar ma shirin Illimin, da aka fara a 2013 da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, haka yake tafiya. Abin da ya sa ake karɓarsu a inda aka ƙi manhajar aji a bayyane yake: mace ce ke magana da mata, da Hausa, kuma an gaisa da iyaye tukuna. Rauninsu shi ne kusan dukansu na 'yan mata ne. Yaron da ke bakin majalisa ba shi da irin wannan zaure.

Abin da wannan ke nufi ga gida da makaranta

Ga malamin aji, umarnin 2022 ya ƙara masa dalilin tsallake duk shafin da zai iya jawo masa ƙorafi, ko da na abota ne da iya cewa a'a. Ga iyaye, nauyin ya dawo kansu a hukumance, ba tare da an ba su wani abin riƙewa ba. Ga kuma yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta su da miliyan 10.5 a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 14, mafi yawa a Arewa, muhawarar manhaja ba ta ma iso gare su ba, alhali su ne ke kan titi da faranti ko da kwanon bara. Idan saƙon zai same su, sai ta Islamiyya da tsangaya da rediyo da bakin uwa.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan darasin. Koya wa yaro ya faɗa yana da amfani ne idan akwai mai ji. Binciken 2014 ya nuna cewa cikin yaran da aka ci zarafinsu, ƙasa da 5 cikin 100 ne suka samu wani taimako. A gidaje da yawa, yarinyar da ta yi ƙarfin hali ta faɗa ita ce ke shan duka, a ƙwace wayar, a cire ta daga makaranta ko a gaggauta aurar da ita, mutumin kuma a sasanta da shi a zaure don kada magana ta fita. Ƙannenta suna kallo, kuma sun ɗauki darasinsu daga nan.

Dokoki suna ƙaruwa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, Kano ta sanya hannu a kan tata dokar kare yara a 2023. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da ta Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba lafiya, a ba da shawara, a kuma adana shaida. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin sa'o'i 72, kuma yawancin cibiyoyin a manyan birane suke. Iyalin da ke ƙauye sai sun yanke shawarar fitar da maganar, sun nemo kuɗin mota, sun kuma isa kafin kwana ukun su cika.